Garwashi a Tafin Sharu Jazuli

Asali abu ne mai nauyi, ba a yi masa garaje. Shi ya sa Jazuli mai shagon tayal ya zauna a tsanake ya ƙera nasa.

Wani mutum ne a unguwarmu, baƙi wuluk kamar ni. Amma tun da ya ƙyalla ido ya ga Saude, wata bazawara 'yar gidan sharifai, ya kuma ji cewa danginta sun fi son su ba ɗan uwa, sai ya gano shi ma Balarabe ne. Rana ce kawai ta yi masa yawa.

Kakan kakansa, in ji shi, sharifi ne da ya taso daga birnin Fas a kan raƙumi. Farkon mako raƙumin ɗaya ne, kafin Juma'a ya zama ayari. Kakansa kuwa, Saje Bawa, a yaƙin Bama na zamanin Turawa ya ratsa dajin da abokan gaba suka cinna wa wuta, ya fito ko gashin girarsa bai babbake ba.

"Mu wuta ba ta cin mu," ya kan ce a majalisa, yana hura shayi. "Daga yau Sharu za ku riƙa ce mini."

Mutanen gari dai sun yarda wuta ba ta ƙona sharifi. Ni ban taɓa gwadawa ba, don ban sami wanda zai ba ni aron hannunsa ba.

Ranar da zai je gaida kakar Saude, Inna Tabawa, wadda maganarta ce yanka a gidan, ya ja ni rakiya. Ya sha rawani, ya zizara kwalli, babbar riga sai ƙarar sitati take. Muka tarar da tsohuwa a tsakar gida, bakin murhu, tana tuyar masa.

"Lale da angona," ta ce. "An ce kai ma namu ne?"

"Ƙwarai, Inna. Daga Fas."

"Kuma jikan soja?"

"Saje Bawa. Wanda wuta ta ga ta kauce."

"Ikon Allah," in ji tsohuwa. "Saude, fito da kaskon turare, mun yi babban baƙo."

Saude ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki da kasko, tana murmushi. Inna Tabawa ta sa yatsu biyu cikin murhu, ta zaro garwashi jajir kamar mai tsintar gyaɗa. Ko sharifta ce, ko tuyar masa tun tana budurwa, wannan ban sani ba.

"Miƙo hannu, ɗan uwa, ka kai mata. Gwiwoyina sun ƙi."

Jazuli ya dube ni. Ni kuma na ga wata bishiyar lemo da ta cancanci kallo. Ya dubi Saude. Ya miƙa tafi.

Cau!

Ban san mai tumbi na iya tashi sama haka ba. Rawani ya yi gabas, takalmi ya yi yamma, kaji suka watse. Garwashin ya faɗa aljihun babbar riga, Sharu ya shiga rawar da ba a koya a Fas. Daga ƙarshe ya tsoma hannu cikin ƙullun masa, tsundum, har gwiwar hannu.

"Wayyo Inna, wuta ce fa."

"Da dabino ka zata?"

Ta juya masarta, ta ƙare masa kallo.

"Ai yanzu na gane ka. Jikan Bawa Kuku ne kai, na bayan masallaci. Ya je Bama kam, ba ƙarya, wani Bature yake dafa wa abinci. Butar shayi ce ta kife masa a hannu aka sallamo shi. Tsallen nan naka, sak nasa, in yana ba da labari."

"To, amma raƙumin..." in ji Jazuli, murya can ƙasa.

"Shi ma gaskiya ne. Da raƙumi kakan Bawa ya shigo garin nan. A ƙasa yake, yana jan akala. Mai raƙumin na sama."

Bayan sallah Saude ta auri ɗan baffanta. Jazuli kuwa bai tashi a banza ba, ya sami shaidar asali. Tabon na nan a hannun dama, daidai inda na kakansa yake.