Rasuwar Na-Sama, Maficin Ɗakin Inna Hajo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da tsami, Malama Kulu 'yar marigayi Malam Sada na garin Ƙarfi take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da matan da ke ɗaukar karatu a wurinta, rasuwar Na-Sama, babban maficin da ke rataye a rufin ɗakin mahaifiyarta, Inna Hajo. Ya rasu ranar Talata bayan azahar, a tsakiyar bazarar bana, ana cikin cin naman Babbar Sallah. Daga ƙasa aka ɗaga shi, ƙasa kuma ya koma.

An haifi marigayin a shekarar da fuka ta kwantar da Inna Hajo. Fuka ba ta shiri da zafi. Da rana ta take, numfashin tsohuwa sai ya koma kamar ana jan guga a rijiya mai nisa. Kulu ta yi ta fifita da maficin hannu har hannun ya ƙi ɗaukar alƙalami. A nan ta tuna labarin da mahaifinta ya ba ta na abin da ya gani a hanyar Makka: mafici mai faɗi a sama, ana jan sa da igiya daga ƙasa. Ta jiƙa kaba, ta saƙa shi kamar rabin tabarma, ta ɗinke bakinsa da jar fata, ta sa masa gora a ka.

Ba a rataye shi da garaje ba, kuma Kulu tana so a san wannan. Ta bi azarun ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da ƙotar fartanya, ta bar duk wadda ta amsa da muryar gangar da ta fashe. Ta zaɓi biyu masu ƙwari, ta gitta musu guntun itacen ƙirya, don kada nauyi ya zauna kan ɗaya. Ta aika aka kira Maitama, wanda ya fi kowa tsawo a unguwa, ya tsaya da rawaninsa ya ɗaga hannu, ta ɗaure maficin sama da inda yatsunsa suka kai. Ta rataye shi da igiyar fata. Sannan ta ƙara ta biyu, ta rama, sako-sako, wadda ba ta da aiki sai jiran ranar da ta farin za ta gaza.

Duk wannan a kan kifaffen turmi ta yi shi, mata na leƙe ta danga. Baffa Ummaru, wan mahaifinta kuma maigidan, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ke Kulu, sauko. 'Ya mace a kan turmi, a gidan malamai?"

Ta ce, "Baffa, a buɗe mini babin da ya hana, yanzu in sauko."

Ba a buɗe ba. Ba ta sauko ba sai da ta gama ƙulli.

Marigayin ya yi rayuwa ta kamun kai. Ba shi da magana sai biyu: ƙiii in ya tafi, fuuu in ya dawo. Kulu takan ɗaura igiyar jansa a babban yatsan ƙafarta, tana biya wa mata karatu, ƙafa na aikinta, baki na nasa. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ya kori ƙuda, ya busar da tawada a kan allo, ya sa Inna Hajo ta yi barcin rana har da minshari, abin da sassaƙe da hayaƙi suka kasa. Waɗanda suka yi masa dariya sun riƙa zuwa dubiya suna daɗewa, ba don son majinyaciya kaɗai ba.

Ciwon ajali ya same shi ta hannun masoyi. Gwaggo Tsohuwa, ƙanwar mahaifin Kulu, ta zo Sallah daga Bakori. Ranar jajibiri ragon layya ya tsinke, Gwaggo ta ɗaga kai ta ga igiyar rama tana lilo, ta sa aka kwance ta aka ɗaure rago. Da Kulu ta yi magana ta ce, "Yo 'yar nan, igiya tana zaune tana shan iska, rago na neman barin gari?" Igiyar ta tafi tare da ragon, wuƙar mahauci ba ta bar ko ɗayansu ba.

Washegarin Sallah Kulu ta fita kai nama gidan malaminta. Gwaggo ta lura ƙuda ba ya kusantar Na-Sama, sai ta shanya masa naman layya, a gorarsa da igiyarsa, har da kitse. Kulu ta dawo ta sauke, ta goge da toka, amma maiƙo ya riga ya shiga fata. Abin da hanci bai ji ba, ɓera ya ji. Ya bi ta cikin rufi, ta inda ido ba ya kai, ya yi ta ci. Muryar marigayin ta sauya, ƙiii ɗinsa ya koma gajere. Kulu ta ji, ta sassauta ja, ta zauna tuƙa sabuwar igiyar rama a cinyarta. Saura kaɗan ta gama, igiyar fata ta tsinke, marigayin ya ce tas. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Gorar kansa ta daki ƙasa taku ɗaya daga kan Inna Hajo, ta rabe biyu.

Baffa Ummaru ya tara gida ya rantse: muddin yana numfashi, ba abin da zai sake rataya bisa kan matar ƙanensa. Kulu ta ƙarasa sabuwar igiyar ta kawo masa, ta kawo hujja, ta kawo ta biyu. Ya ce rantsuwa ta riga ta fita. Ta ce akwai kaffara. Ya ce, "Ga gabas can, ki jira hadari kamar kowa." Ta duba gabas. Ko gajimare babu.

Marigayin ya bar Inna Hajo, wadda numfashinta ya koma rijiya. Ya bar ƙanensa ɗaya, maficin hannu, mai ƙoƙari amma gajeren hannu. Ya bar guntun ƙirya a sama ba abin ɗauka, da tabon igiya a yatsan Kulu, wanda har yanzu yake motsi shi kaɗai in ta zauna. Ya bar Gwaggo Tsohuwa, an yafe mata, ta koma Bakori da rabonta na nama. Karatun mata ya tsaya, domin hannun da ke nuna baƙi a kan allo shi ne ke fifita. Kulu ba ta yi kuka a gaban kowa ba, kuma ba ta janye maganarta ba: daidai aka rataye shi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi, a murhun tsakar gida. Za a ƙone kabarsa a dafa wa Inna Hajo sassaƙe, ya yi mata hidimar ƙarshe. Ba a gayyaci ɓera ba. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin da ya rasu, gefen gadon majinyaciya. Kada a kawo goro, kada a kawo hatsi. Duk mai zuwa ya riƙo mafici, ya karɓi Kulu ko na tsawon sallar azahar ne. Zaman makoki zai ci gaba har ruwan farko ya sauka, in Inna ta jira shi.