Rasuwar Mai Gatari, Gwarzon Fadar Gindin Bedi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Abdul Razak Na Allah na Tasawa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Gatari, jarumin da nake zaɓa a wasan faɗan da muke bugawa a salula. Ya cika ran Talata da hantsi, bayan mizajur, wato sabunta wasan, ta minti arba'in.

Marigayin ƙato ne mai kirki. Bai taɓa ƙorafin rezo ba, ko da intanet ta yi rauni. Idan ya ɗaga gatari sai ka ji "gurrum!", sannan ya yi dariyar nan tasa, "ho ho ho", wadda nake kwaikwayo har a masallaci sai in na kama bakina. A fadarmu, wato majalisarmu ta shan shayi, doka biyu ce: kowa da jaruminsa, ba a taɓa na wani, wanda kuma ya sha kashi shi ke dafa shayi. Ni na riga kowa kama Mai Gatari. Shekara uku ban hura gawayi ba.

Ciwon ajalinsa daga kamfanin da ya ƙera wasan ya zo. Suka ce ya fi ƙarfin sauran jarumai, suka rage masa tsawon gatari, suka ɗaura masa nauyi a ƙafa, har suka sauya masa murya. Na buɗe salula na iske wani siriri sanye da rigarsa. Ran nan aka kayar da ni sau tara. Har Salisu, da ke wasa da salula mai tsagaggen gilashi, ya samu rabonsa.

Da la'asar Lamine tela ya karanta mana sanarwar kamfanin da Faransanci, ya fassara da Hausa, a hankali, sau biyu. Wai marigayin yana cin wasa bakwai cikin goma ko a hannun wa yake. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Tunda gaban gawa ba a ƙarya, bari in faɗa. Na sani. Bara waccan Lamine ya ari salulata, ya ci wasa biyar a jere da Mai Gatari. Na ce masa sa'a ce, ban sake ba shi aro ba. Duk wanda ya yi ƙorafi sai in nuna masa yatsuna in ce hannu ne. Masu tambaya ko gyaran ya daidaita wasa, ya daidaita shi ƙwarai, daidaiton ne ma ya tona mini asiri.

Ya rasu ya bar gatari guntu, da lambobin yabo sittin da ban san na wa ba ne, da ni, da uwargida Zara'u, wadda ta kwana biyu tana koya mini kumfar shayi tana girgiza kai.

Za a yi zaman makoki ran Jumma'a bayan la'asar, a gindin bedi, wato dogon yaro, kusa da tashar Maijirgi. Kada kowa ya zo da sukari ko gawayi, duk na saya. Ni zan dafa, ni zan zuba. Kofin farko na Lamine ne, wanda ya shekara uku yana shan hayaƙi alhali ya fi ni hannu. In ya yi ɗaci a yi haƙuri a shanye, na farkona ne.