Ranar da Na Yi Makokin Masu Rai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar, da ranar da na tsaya a cikin ajinmu na yi wa 'yan aji shida makoki, alhali kowacce tana zaune da ranta da lafiyarta, biro a hannu.

A lokacin ina aji huɗu a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Jimeta. Ni ce irin yarinyar da in ana kiran suna sai malami ya kira nata sau biyu, don bai ji amsar farko ba. Amma ido kam ina da shi. Na san wace taga ce ƙadangare ke shigowa ta cikinta, na san wace malama ce ke cire takalmi a ƙarƙashin tebur, na san wa ke kuka a bayan famfo ta wanke fuska ta dawo tana dariya. Duk ina tarawa a raina, ban taɓa gaya wa kowa ba (wa zan gaya wa?).

A bayan ɗakin gwaje-gwaje akwai wani babban mangwaro, a gindinsa masu son labarin tsoro ke zama lokacin tara. Shugabarsu Siniya Rifkatu ce, 'yar aji shida, doguwa, mai muryar da ke kaiwa har bakin ƙofar makaranta. Takan ce ba a rubuta littafin da zai hana ta barci ba tukuna. Ni kuwa wurina wata saiwa ce can gefe, inda inuwa ta ƙare. Nan nake zama da awarata kamar ba ruwana, kunnena duka biyu yana wajensu. Babu abin da nake so a makarantar nan kamar in matsa cikin inuwar.

Sai marubuciyar da suka fi so, wata mata da ba wanda ya san fuskarta, ta sanar a waya cewa sabon littafi yana tafe. Ba ta ce komai a kansa ba, hoto kawai ta saka: doguwar gada, babu mota babu mutum, sai takalmi ƙafa ɗaya a tsakiya. Aisatu, wadda muke benci ɗaya, ita ta gani a wayar Addarta, wato yayarta, ta zo tana ba da labari tana haki.

"Annoba ce," in ji Siniya Rifkatu. "In kun ga takalmi ɗaya, mai shi gudu ya yi."

"Ni dai in ba a mutu da yawa ba, ba na karantawa," Aisatu ta ce.

"Ke da kika kwana a ɗakin Dadarku saboda wancan littafin mai rijiyar?" in ji Godiya, wata 'yar aji biyar da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

"Zafi ne ya kore ni daga ɗakina!"

Haka aka yi ta jira. Lokacin zafi ne, irin zafin Yola da ke sa kwalta rawa daga nesa. Kullum in Bappa mai keke-napep ya ɗauke mu zuwa unguwarmu Adarawo, sai in jingina kai da ƙarfe in riƙa kwashe mutane daga titi ɗaya bayan ɗaya. In cire masu mangwaro, in cire masu gyaran taya, in cire 'yan acaɓa, har garin ya zama wayam, sai balbelu. Ya kamata in ce tsoro nake ji. Gaskiya daɗi nake ji. Garin da babu kowa gari ne da ba wanda zai ce mini "ɗaga murya, ba ma ji".

Da littafin ya fito, tun da ba a shiga makaranta da waya, Hamman Aisatu, wato yayanta da ke karatu a Sangere, ya buga mana shi a takarda. Ya yi kauri sosai. Al'adar 'yan gindin mangwaro ita ce a raba littafi kashi-kashi, kowacce ta tafi da nata gida, sannan a riƙa ba da labari bi da bi har a kai ƙarshe. Doka ɗaya ce: ba mai faɗin nata kafin ranarta. Da aka zo kan kashin ƙarshe sai hannaye suka tashi sama.

"Ku duka ba kwa iya riƙe magana," Siniya Rifkatu ta ce. "Kafin gobe har mai gadi ya san ƙarshen." Ta waiga, idonta ya sauka a kaina. "Ke, mai awara. Zo nan."

Na zo na tsaya a gabanta.

"A ba wannan. Ko ta so ta faɗa, wa zai ji ta?" Aka yi dariya. Ta ɗora mini takardun a hannu. "Ranar ƙarshe ke za ki ba mu. In kin yi da kyau, kin zama tamu. In kuwa na ji ƙarshen nan a bakin wani kafin ranar, ko saiwar da kike zama a kai ba za ki sake gani ba."

Annobar littafin ba ta da ƙuraje, ba ta da jini. Murya take fara ɗaukewa. Mutum yana cikin magana sai ya ji babu, daga nan barci ya kwashe shi, ba ya kuma tashi. ("In ta kama wannan, sai an yi wata ba a sani ba," Godiya ta ce tana nuna ni da haɓa.) A kashin da ke hannuna yarinya ɗaya ce ta rage a garin. Ta gane cewa muddin tana magana barcin ba ya ɗaukarta, don haka take bin unguwa-unguwa tana kiran sunayen mutane, tana faɗin abin da ta tuna game da kowa. A shafin ƙarshe, tana tsaye a kan gada ta kira wani suna, sai duk masu barcin garin suka amsa gaba ɗaya, "Na'am." Kuma da muryarta suka amsa.

Na karanta har na haddace. Damuwata ɗaya ce: ta yaya zan faɗe shi a gaban mutane? A gida babu wurin gwadawa, ƙannena sun cika ko'ina.

Ana saura kwana kaɗan ranata, aka tashe mu da wuri. An faɗi dalili a taron safe, amma ni a lokacin hankalina yana can a kan gadar littafin. Kowa ya watse, Bappa kuwa sai lokacin da ya saba zai zo. Na koma aji ni kaɗai.

Ban taɓa ganin makarantar haka ba. Rana ta shigo ta ramukan kwano ta zuba ɗigo-ɗigo a kan bencina, ƙurar alli tana yawo a cikin hasken a hankali. Wata ta manta da ɗankwali a kan taga, iska tana ɗaga shi tana ajiyewa. A bakin ƙofa, wallahi, ga silifa ƙafa ɗaya. Ko tari babu. Na lura da duk wannan. Abin da ban lura da shi ba shi ne katakon da ya raba ajinmu da ɗakin taro, wanda bai kai rufi ba, wanda kullum yake buɗe kaɗan, ranar an ja shi an rufe ruf.

Na tsaya a gaban allo na fara. Da farko a hankali, sai na ji muryata ta bugi bango ta dawo mini, mai daɗi, kamar ta wata. Na ƙara. Na ba bencina labarin tun daga inda yarinyar ta farka har zuwa "Na'am" ɗin ƙarshe, ban rage komai ba. Da a nan na tsaya, da doka kawai na karya.

Amma shirun ya yi daɗi da yawa. Na rufe ido, na ga kaina a kan gadar Binuwai, ruwa ya ja baya, yashi fari fat, kwale-kwale suna juyawa babu matuƙa, daga Jimeta har Girei ba hayaƙin girki ko ɗaya. Sunayen littafin suka yi mini nisa. Sai na fara kiran namu.

"Siniya Maryamu," na ce, "wadda ke ɓoye ƙuli-ƙuli a hannun hijabi tana ci lokacin taron safe, ba za ki sake ci ba. Siniya Hadiza, mai rubuta sunan wani a tafin hannu ta goge da yawu in malami ya matso, ya tafi, kin tafi." Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba da mugunta ba, na rantse, har hawaye nake yi. Kewarsu nake ji da gaske. "Siniya Rifkatu, jarumarmu, wadda in ta zo wurin ban tsoro take rufe layin da babban yatsa, ta kama sarƙar wuyanta, leɓenta yana motsi. Na gan ki. Ban gaya wa kowa ba."

Daga nan na wuce kan malamai. Na ɗaga hannu sama kamar yadda na ga yarinyar tana yi a raina.

"Malam Buba mai lissafi! Kai da kake shafa baƙi a gashinka ran Lahadi, ya bar maka alama a bayan kunne har Talata. Wa zai ƙara ce mana ƙwaƙwalwar kifi? Malam Buba!"

"Na'am."

Daga cikin bango ta fito.

Ba na jin akwai wanda ya taɓa yin irin ƙarar da na yi a tarihin makarantar nan. Na yi baya na ci karo da benci, bencin ya ture na bayansa, na tsinci kaina a ƙarƙashin teburin malami na rungume ƙafarsa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. A raina littafin ya tabbata, masu barci sun amsa.

Sai katakon ya fara ja da baya yana ƙara. Ta tsakanin ƙafafun tebur na hango ɗakin taro cike da 'yan aji shida, layi-layi, kowacce da takardar jarrabawar gwaji a gabanta. Saboda su aka tashe mu da wuri. Shirun da na ɗauka ƙarshen duniya ne, ashe lissafi ake yi.

Dariyar da suka daɗe suna dannewa ta fashe gaba ɗaya. Wata ta kifa kai tana dukan tebur. Siniya Maryamu ta ɗaga hannun hijabinta, ƙuli-ƙuli ya zubo. Malam Buba ya sunkuyo ya leƙo ni, hannunsa ɗaya a bayan kunne.

"Fito, marainiya," ya ce. "Tun ɗazu na so in tsayar da ke, suka roƙe ni in bari a ji ƙarshe. Ban san da ni a cikin mamatan ba."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Siniya Rifkatu tana layin gaba, ta zuba mini ido, hannunta a kan sarƙar. Da ta ga ina kallon hannun sai ta sauke shi.

Ranar a keken Bappa ban cire kowa daga titi ba. Ni na so a cire.

Washegari na ce da Dada, mahaifiyata, cikina ke ciwo, ta taɓa goshina ta miƙo mini jakata. Tun daga ƙofar makaranta ake ce mini "Na'am". Lokacin tara na nufi bayan famfo, Aisatu ta kamo hannuna ta ja ni har gindin mangwaro. Na ajiye takardun a gaban Siniya Rifkatu, na juya zan tafi.

"Ashe yarinyar nan tana da baki," Godiya ta ce.

"Yi mana shiru." Siniya Rifkatu ta daɗe tana juya takardun. "Kin karya doka. Kin ɓata mini ƙarshen littafin da na yi ta jira. Kuma saboda ke na bar tambaya biyu ban amsa ba."

"Ki yi haƙuri, Siniya." (Ko ni ban ji abin da na ce ba.)

"Jiya da na koma gida na karɓi wayar yayana na karanta ƙarshen da kaina." Ta ɗago. "Bai kai naki ba. Naki ne ya sa na kwana da fitila." Ta matsa gefe, ta bubbuga ƙasa kusa da ita, a tsakiyar inuwa. "Waɗannan ba su ji ba. Ranarki na nan. Da murya irin ta jiya, ba wannan ta sauron ba. In kuma kin zo kan sunana, ki tsallake."

Da ranar ta zo na ba da labarin tun daga farko har ƙarshe. Da na kai wurin amsawar, Aisatu ta ƙanƙame Godiya har ta yi mata shaida a hannu. Tun daga ranar kashin ƙarshe nawa ne. Sai dai na yi asarar wani abu: ba wanda ya sake yin komai a gabana ba tare da ya waiga ba. Malamar nan ta daina cire takalmi, Malam Buba ya koma saka hula har kunne.

Har yanzu nakan so garin da babu kowa, musamman da rana tsaka in zafi ya kori mutane daga titi. Amma na koyi darasi: kafin ki yanke cewa duniya ta tashi kin rage ke kaɗai, ki daure ki leƙa ɗakin da ke kusa.