Ɗakin da ke Kusa da Rijiya a Bagalam

"Lahiya lau, amarya. Ya kika ji da kewata?"

"Kewarka? Kwana ukun da ka yi Maraɗi har ƙiba na yi. Tuwona ya samu mai tausayinsa."

Ƙarya Asama'u take yi. Tun da aka ba jikanta Rabi'u aikin koyarwa a wata lakol ta Maraɗi, tsohuwar ba ta ci abin kirki ba. Ita ta riƙe shi a nan Agiye tun daga yaye, kuma tsoronta ɗaya ne: ya je ya kwanta ciwo a gidan da babu mai leƙa shi. Shi ya sa da zai tafi neman ɗakin haya ta ƙulle masa goro da daddawar batso, ta ce ya zarce unguwar Bagalam gidan Salamatu, matar da ta taɓa saukar da su ita da marigayi mijinta. Amma Asama'u ba ta iya faɗin damuwa ba, ta fi gane ta zage ka.

"To, maigidan banza, ina gidan da ka kama mani? Ko tasha za mu tare?"

"Don darajarki da Ali Ɗan Tsoho na fara, unguwar masu hali. Ɗaki biyu da falo, ƙasa sumul, famfo har ban ɗaki. Sefa jaka saba'in."

"A shekara?"

"A wata."

"Da mai gidan za a haɗa maka ya riƙa yi maka fifita?"

"Ke na tausaya wa. Santsi zai kwashe ki, a ce na kashe mata don in gaji tukunya biyu."

"Tukwanen nan biyu su suka yi maka wannan ƙaton kan."

Rabi'u ya ja kujerar tsugunno ya zauna, yana ƙunshe dariya. "Sai na gangara unguwar Zariya. Can rabin kuɗin ne, amma wata uku za ka biya gaba, dillali kuma nasa daban."

"Dillalin ɗaki? Mu dillalin shanu muka sani. Haƙoran ɗakin yake dubawa?"

"Naki dai ba za a sha wahalar ƙirgawa ba."

"Guda huɗun sun ishe ni in cije ka. Wane ne maƙwabci a gidan?"

"Wa ya sani? Ƙofar ƙarfe ce, kowa da makullinsa."

"To wannan ai gidan kaso ne, sai dai kai ke biyan mai tsaronka."

Ta tura masa kwanon fura da ƙafa, kamar ba ita ta dama tun hantsi tana jiransa ba.

"Mu da muka shiga Maraɗi shekarar fari, daga jaki sai tabarma. Kakanka sallama kawai ya yi a zaure. Salamatu ba ta san mu ba, ta kwashe buhunan gyaɗarta daga ɗaki ta ce mu shiga. Shekara biyu, ko dala ba ta karɓa ba. Ni ke yi mata surfe, ita ta karɓi haihuwar ubanka. Da la'asar mu baje bakin rijiya muna ɓarar gyaɗa, duk wanda ya wuce mun san uwarsa."

"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, tsohuwa."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je Bagalam ɗin ko yawon ganin benaye ka tsaya?"

"Na je."

Ya ajiye ludayin. Daga yadda ya ajiye shi, Asama'u ta gane akwai magana.

"Inna Salamatu ta rasu, Kaka. Bana shekara huɗu."

Ta yi salati a hankali. Baƙin ciki ya kama ta, kunya kuma ta fi shi, don shekara nawa ke nan tana cewa in an gama girbi za ta je, ga mota kullum tana wucewa ta bakin hanya. Rabi'u ya bar ta sai da ta nisa.

"Ɗiyarta Safina ke riƙe da gidan. An yanka shi ɗaki shida, duk na haya, da kuɗin take ciyar da marayun ƙanenta. Ɗakinku na nan, na kusa da rijiya, kuma babu kowa ciki. Jaka goma sha biyu."

Tsohuwa ta ɗago kai. "Safina? Wadda na yi wa kitso tana jan majina? Ita za ta karɓi haya hannun jikana?"

"Har goron ta karɓa. Da ta kwance daddawar ta shinshina, sai ta zauna tana hawaye, ta ce rabonta da wannan ƙanshi tun tana yarinya. Ta ce haya kam dole, ba yadda za ta yi. Amma in ta kama ni ina sayen abinci a titi, ni da ita ne. Kwanona na cikin na gida, kuma duk safiyar da ba ta ji motsina ba za ta bugo ƙofa."

Abin da Asama'u ta kwana uku tana son ji ke nan. Ta share ido da bakin mayafi, ta daɗe tana kallon turken awakinta.

"Yaushe za ka biya?"

"Ta ce in bari sai albashi ya fito."

"Ba a sa mai marayu jira. Kama jar akuyar can, ran kasuwa ka kai ta."

"Ashe amarya ta yarda da haya."

Ta yi dariya. "Ka ci wannan karon, ja'iri. Allah ya haɗa ni da miji, ni na goya shi, ni zan biya masa ɗaki. Ka kama mana wuri biyu a mota, ina da gaisuwar mutuwa da zan kai. Kuma ka ce wa Safina ta shimfiɗa mani tabarma a ɗakina, in ga mai cewa in biya."