Yadda Ake Bikon Mata da Burodin Rana

Duk wanda ya bi matakan nan matarsa za ta dawo. An gwada, an gani. Halliru mai gyaran rediyo a Gumel ya dawo da matarsa Laure daga gidan iyayenta a Sule Tankarkar a bazarar nan ta 1974, bai durƙusa fiye da yadda aka saba ba. Ta yi yaji ne saboda itace. Fari ya cinye daji, girki ya koma na kara da kashin shanu, hayaƙi ya hana idonta sakat, shi kuma kullum sai ya ce gobe. Da akwati ɗaya ya yi bikon. Ga yadda za ka yi naka.

1. Ka ɗora wa itace laifi

Kada ka ce ka yi sakaci. Ka ce zamanin itace ne ya wuce. Mai laifi haƙuri yake bayarwa, mai sabuwar dabara kuwa bayani yake yi, kuma bayani ya fi sauƙi a gwiwa.

2. Ka haɗa akwatin

Akwati ne mai girki da zafin rana. Halliru ya ga irinsa sau ɗaya wurin wani malamin gona a Gagarawa, daga nesa. Hakan ya isa. Ka sa ƙaramin akwati cikin babba, ka cika tsakaninsu da ƙaiƙayi, ka shafe cikin da baƙin fenti, ka rufe da gilashin taga. Sai madubi, wanda zai tura rana ciki. Na ɗakin matarka zai yi, tunda ba ta nan.

Kada ka gwada shi a gida. Gwaji yana rage ƙarfin zuciya.

3. Ka zaɓi burodi

Kada ka kuskura ka ce tuwo. Kowa a gidan surukanka ya san tuwon da bai dahu ba. Burodi kuwa baƙo ne, sai wanda ya je kasuwar Maigatari ya ga dogon nan na mutanen Damagaram. Ka sayi fulawa da yis, ka kwaɓa da safe, ka zuba a gwangwani, ka rufe akwati.

4. Ka tafi da babba

Ba a zuwa biko da baki ɗaya. Halliru ya ɗauki kawunsa Ilu, dattijo mai son a ce ya iya sulhu. A zaure, bayan gaisuwa, Ilu ya dubi Malam Cindo, mahaifin Laure.

"Malam, yaron nan ya zo da murhun da ba ya cin itace."

"To me yake ci?"

"Rana."

Malam Cindo ya leƙa waje. "Wannan kam muna da ita. Da ana sayarwa da mun je Makka."

Ka sunkuyar da kai. An karɓe ka ke nan.

5. Ka bar surukarka ta yi aikinta

Ka shiga tsakar gida ka gaida Iya, mahaifiyar matarka, ka ajiye akwatin inda rana ta fi zafi, ka saita madubi, ka koma zaure. Ta kafar zana za ka ga abin da zai biyo baya.

"Wa ya bar kayan baƙo a rana?" in ji Iya. "So kuke a ce gidan nan ba a san mutunci ba?"

Ta ja akwatin zuwa gindin darbejiya, ta lulluɓe shi da tabarma.

Kai ba ka da bakin gyara wa surukarka. Halliru ya taɓa kawunsa, ya yi masa raɗa. Ilu ya ce, "Ni in shiga in ce mata ta yi kuskure? Biko muka zo ko dambe?"

Da aka tashi sallar azahar Halliru ya lallaɓa ya mayar da akwatin rana. Kafin a sallame Iya ta kai shi ɗakinta, kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi. Ta aiko a ce masa ya kwantar da hankali, kayansa suna hannu nagari. Ka ce ka gode. Ka ce da ƙarfi yadda za ta ji.

6. Ka amsa tambayar matarka a taƙaice

Za ta zo bayan zana, kamar mai neman kaza.

"Na jikin akwatin can ba madubina ba ne?"

"Aro na yi."

"Wurin wa?"

Ka yi tari. Masana sun tabbatar ba a taɓa samun amsar da ta fi shi ba.

7. Ka jingina da kunya

Bayan la'asar Malam Cindo zai ce a kawo abin a gani. Da aka buɗe na Halliru, kwaɓin ya kumbura ya malalo daga gwangwani, fari fat, yana tsami. Malam Cindo ya gutsura, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Haka ake cinsa?"

"Haka ne, Baba."

"To bismilla."

A nan al'ada za ta cece ka: suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ka ja baya ka ce ka ƙoshi. Wanda ya rako ka shi zai ci a madadinka. Ilu ya ci loma, ya dubi Halliru, ya ƙara, saboda maigida yana kallo.

Malam Cindo ya goge hannu, ya yi magana ta yadda za a ji a cikin gida. "A ce wa yarinyar nan ta haɗa kayanta. In aka bar bawan Allahn nan shi kaɗai wannan abu zai riƙa ci. Ya mutu a ce mu ne."

8. Kada ka nemi akwatinka

Abin da ya shiga gidan surukai ranar biko kyauta ne. Laure ta hau motar Gumel da ɗaurin itace babba da mahaifinta ya ba ta, babu madubi. A hanya ta yi magana sau ɗaya. Ta ce zamanta daidai tsawon itacen nan ne.

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin dawowar mata, bai ce komai kan zama ba. Ba ruwansa da cikin kawun kowa, ko da gaisuwar da Ilu ya daina amsawa. Wanda madubin matarsa ya salwanta ya nemi mafita da kansa.

Zuwa lokacin da ake rubuta wannan, ɗaurin itacen ya yi rabi. Akwatin yana ɗakin Iya, kusa da randa, a lulluɓe. Har yanzu ba wanda ya san ko yana gasa burodi.