Farin Zaren da Ya Ɓace a Panyu

Ni da na tashi a gidan masu aikin babbar riga, wa zai koya mini zare? Da abokina Alhaji Sabo ya kai a ƙawata masa sandar fatsa a Panyu, can ƙasar Caina, na raka shi. Nan na ture zaren da tsohon ɗan Caina mai aikin ya miƙo, na zaɓi farin siliki.

Tsohon ya naɗa shi. Wallahi ko wuyan rigar ango albarka! Sai ya shafa man sheƙi. Muna kallo zaren ya sha man, ya koma kamar ruwa, sandar ta fito tsirara.

"Subhanallahi! Ina adon?" in ji Alhaji Sabo.

"Meyo," in ji tsohon, wato babu.

Har yau a kasuwar Tianxiu, matattarar 'yan kasuwarmu a Caina, Alhaji Meyo ake kirana.