Yaron da Alhaji Ba Ya Kallo

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Turawa suka sayar da kamfaninmu na sayen gyaɗa da auduga a Gusau ba. Lokacin ana ta fama da sabon kuɗi, naira da kwabo. Wani Alhaji mutumin Tsafe ya saye shi, kafin ka ce kwabo sai ga dangi sun cika ofis. Ƙanen uwargida ya zama ma'aji, ɗan ƙanwar Alhaji ya haye kujerar Mista Bulus, akawun da ya koya mini aiki. Ni ina kula da sito, ga matata da tsohon ciki. Kullum da safe sai na leƙa na ga ba kowa a kujerata sannan in yi ajiyar zuciya.

Cikin sababbin zuwa akwai wani siririn saurayi, Sanusi, da aka ajiye wurin sikeli. Na lura Alhaji ba ya ko kallonsa. Zai yi raha da kowa, ya kira kowa da sunansa, in ya zo kan Sanusi sai ya kau da kai ya ce, "A hwaɗa ma wancan ya gyara buhunnan ga." Na ce a raina, Allah sarki, ga bare ɗan'uwana! (Ni fa Bahaushe ne gaba da baya, a Bungudu aka yanke mini cibiya. Ku riƙe wannan.)

Sai na ja shi a jiki. Kwano ɗaya muke ci, ina amayar masa da cikina. "Sanusi, wanga kamfani ko akuyar gidan Alhaji ta zo sai an ba ta ofis." Har tafiyar Alhaji nake kwaikwaya masa, in turo ciki, in saɓa riga, in yi gyaran murya. Ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ni uban 'yan shawara har cewa na yi ya nemi aiki a reluwe, tunda nan ba shi da kowa.

Ana nan aka tashi bikin 'yar Alhaji, motar kamfani ta kwashe mu zuwa Tsafe. Ina hango Sanusi yana kai da kawo da kwanoni, na fizgo hannunsa na zaunar da shi a tabarmarmu ta can baya. "Har nan ma bauta? Zauna ka ci, guminka ne!" Na kai loma ke nan sai ga maroƙi ya tsaya a kanmu. Na fara laluben aljihu, a zatona ni ya gano. Ya nuna Sanusi, ya buɗe murya:

"Ina ɗan fari! Magajin Alhaji, goyon kakanni a Kwatarkwashi! Wanda uba ba ya kama sunansa!"

Wayyo! Na tsame hannuna daga kwanon. Ashe alkunya ce ta ɗan fari. Ni da ubana ya koma ga Allah bai taɓa furta sunan yayana ba, ni ne na kasa ganewa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ba a jima ba aka ba Sanusi manaja, ya aika a kira ni. Na tattara butata da 'yar taguwar aiki, na shiga ina salati. Ya rufe ƙofa ya ce, "Malam, yi mani tahiyar Baba sau guda."

"Ranka ya daɗe, ƙafata ke ciwo."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Sannan ya ce duk wanda ya kawo masa kwano a gidan nan ubansa ya kawo wa, ni kaɗai na ci da shi don shi. Ya ce in koma sitona. Na yi ta maza na ce, "To Mista Bulus fa?" Ya sunkuyar da kai. "Wannan ta fi ƙarfina, Malam. Kujerar ɗan goggo ce yanzu."

Aka sallami waɗanda suka fi ni iya aiki, aka bar ni, ana nuna ni da baki ana cewa mutumin manaja. Ni da na fi kowa zagin alfarma, da ta biyo ta kaina hannu biyu na sa na karɓe, har da rago na yanka ranar suna. Tun daga nan in na ga babba yana kau da kai daga yaro, yaron nake fara gaisarwa. In kuma an zauna zagin 'yan alfarma, sai in tuna Mista Bulus, in ce maƙogwarona ke ciwo.